Fura, laya da ƙwaya: tarihin ƙarfin ɗan kokowa a bakin Komadugu

A ƙarshen watan Disamba na 2022 garin Difa ya karɓi baƙuncin gasar kokowar gargajiya ta ƙasa karo na 43. Kowace ɗaya daga cikin jahohi takwas na Nijar ta turo gwanayenta goma, ƴan kokowa 80 ke nan, aka kwashe kwana goma ana gwabzawa, da shigowar sabuwar shekara takobi ya faɗa hannun Kadri Abdu na Doso, wanda jama'a suka fi sani da Isaka Isaka. Ƴan kallo sun ga kaye iri-iri, sun ji kiɗa da kirari, sun sha dariya wajen cali-cali. Abin da ba a gani daga kan benci shi ne abin da ya shiga cikin waɗannan mazaje kafin su shiga fili, a safiyar ranar da kuma a shekaru ashirin da suka gabace ta. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Tarihin wannan ruwan ciki ne nake so mu bi, a wannan kwari namu na Komadugu, domin tambayar da ke damun manyan hukumomin wasanni na duniya, wato mene ne halal ɗan wasa ya ci ko ya sha don ƙarfinsa ya ƙaru, ta daɗe da isowa gare mu, ko da yake ba mu cika yi mata suna ba.

Tsohuwar shaidar da ke rubuce a kan kokowa a ƙasar Barno ta fito ne daga baƙo. A watan Fabrairu na 1823 wani hafsan Ingila mai suna Denham da abokan tafiyarsa suka gangaro daga Bilma, suka ga tafkin Cadi a wajejen Gigimi, suka ƙetare Komadugu a Yo, suka sauka Kukawa wajen Shehu Laminu. A littafin tafiyarsa da aka buga a 1826, Denham ya ba da labarin kokowar da ake yi a gaban Shehu. Masu karawar bayi ne na manyan fada, kowane ubangida yana tsaye yana zuga nasa, yana yi masa alkawarin tukuici in ya yi kaye, yana yi masa barazanar mutuwa in ya faɗi. Labari ne marar daɗin ji, kuma wajibi ne a karanta shi da taka-tsantsan, tun da baƙo yakan ga abin da ya zo nema. Duk da haka akwai darasi a ciki ga mai bin tarihi: tun a wancan zamani jikin ɗan kokowa dukiya ne da wani yake ciyarwa, yake kuma jiran riba daga gare shi. Bauta ta wuce, amma ubangidan ɗan kokowa bai wuce ba. Ya sake riga ne kawai, ya zama mai gari, ya zama attajiri, ya zama gwamnan jaha.

A karkara kuwa, a ƙauyukan Mangawa da Mobar da Hausawan da suka zauna tare da su, kokowa wasan kaka ce. Sai an yanke gero, an ɗaure dammuna, rumbu ya cika, sa'annan ganga take kiran samari dandali. Wannan tsari da kansa ilimin abinci ne. Saurayin da ya yi wata uku yana noma da huɗa ya riga ya yi horon da babu wani malamin wasanni da zai ba shi irinsa, amma ya yi shi ne a lokacin da hatsi ya yi ƙaranci, jiki ya zube. Da sabon gero ya shigo, sai tsoka ta samu abin da za ta ginu da shi. Shekarar da damina ta yi gardama, ganga takan yi shiru, ba tare da wani ya kafa doka ba.

Mu dubi ƙwaryar fura da idon masana na yau. Tsokar ɗan Adam tana ajiye makamashinta a cikin wani nau'in sitaci da ake kira gilikojin, kimanin giram 400 a tsokoki da giram 100 a hanta ga babban mutum. Likitoci biyu na ƙasar Suwidin, Bergström da Hultman, su ne suka nuna a shekarun 1960 cewa yawan wannan ajiya shi ke yanke tsawon lokacin da mutum zai jure aiki mai tsanani, kuma abinci mai sitaci ne ke mayar da ita bayan ta ƙare. Gero kuwa mafi yawansa sitaci ne. Ban da haka yana da furotin, sinadarin gina jiki, wajen giram 11 a cikin kowane giram 100. Sai dai furotin na gero yana da giɓi, domin ya gaza a wani ɓangare da ake kira lizin, wanda tsoka ba ta ginuwa sai da shi. Nono yana da lizin a wadace, haka ma wake da kifi. Ashe matar da ta dama fura da nonon Fulani, ko ta dafa wake ta haɗa da tsaki, ta cike wannan giɓi tun ba a san sunansa ba. Ga ruwa da ɗan gishiri a cikin furar, ga sauƙin narkewa. Masana sun ce wanda ya zubar da gumin da ya kai kashi 2 cikin 100 na nauyinsa, ƙwazonsa yakan fara raguwa; ga ƙato mai kilo 90, abin bai kai lita biyu cikakku ba, kuma iskar hunturu tana busar da gumi tun mutum bai san ya yi shi ba.

Ƙungiyoyin likitocin wasanni suna ba ɗan wasa shawarar ya samu furotin giram 1.2 zuwa 2 a kan kowane kilo na nauyinsa a yini. Ga mai kilo 90, tsakanin giram 108 da 180 ke nan. Litar nono ba ta wuce giram 33 ko makamancin haka ba. A nan ne jahar Difa ta yi zarra, in an bi ta arzikin ƙasa. Kifin banda da ake kyafewa a Boso da Gigimi, tarwaɗa da karfasa da bargi, fiye da rabin nauyinsa furotin ne. Ga shanun Kuri masu manyan ƙahoni na Buduma a tsibiran tafki, ga nonon raƙumi daga wajejen Ngurti, ga shinkafa da alkama a fadamun Komadugu, ga dabino a kwaruruwan Maine-Sorowa da Gudumariya, ga tattasai wanda ya yi wa jahar suna har ake ce masa jan zinariya. Ɗanyen tattasai yana cike da bitamin C, mai taimakon hanji ya tsotsi sinadarin ƙarfe da ke cikin gero, ko da yake shanya a rana tana cinye mafi yawansa. Wanda ya jera waɗannan a kan takarda zai ce babu jahar da ta kai wannan dacewa da renon ƴan kokowa. Amma banda da tattasai kayan sayarwa ne, hanyarsu ta fi miƙewa zuwa kasuwannin Nijeriya bisa ga tukunyar mai su, kuma talaka ba ya cin abin da zai biya masa bashin taki.

Akwai wani abu na wannan ƙasa da ya cancanci a dakata a kansa, shi ne kanwa. Ƙarni da ƙarni Mangawa suna dafa gishiri suna haƙar kanwa a kwaruruwansu, fatake suna kai mangul da ungurnu har Kano da gaba da ita. Masu dawaki sun san amfanin kanwa ga dabba, mata sun san ta a miya da kunu. To, a cikin kanwa akwai bikarbonat, kuma abin mamaki, bikarbonat yana cikin ƴan abubuwa biyar da masanan da kwamitin Olamfik na duniya ya tara a 2018 suka yarda cewa akwai hujja mai ƙarfi a kan suna ƙara ƙwazo. Yadda yake aiki shi ne, idan tsoka ta yi aiki mai tsanani na minti ɗaya zuwa goma, irin na turereniyar ƴan kokowa, tsami yakan taru a cikinta, shi kuwa bikarbonat yana taimakon jini ya kwashe tsamin. Kada mai karatu ya ɗauka na ce a aika yara su sha kanwa. Abin da ake gwadawa a ɗakin bincike tacacce ne, an auna shi da nauyin mutum, kuma duk da haka yana sa wasu amai da zawo. Kanwar kasuwa gauraye take da wasu gishirai da ƙasa. A shekarun 1970 likitoci biyu a Zariya, Davidson da Parry, sun danganta yawan ciwon zuciya da ke kama masu jego a can da yawan shan kunun kanwa tare da wankan jego mai zafi. Abu ɗaya ne, awo ne ya raba maganinsa da cutarsa.

Sai laya. Babu wanda ya taɓa kallon kokowa a Nijar bai ga guru da kambu da layu a damtse da ƙugu ba, bai ga an kwarara ruwan magani a ka ba, bai ga ɗan kokowa ya durƙusa yana zane a ƙasa ba kafin ya fuskanci abokin karawarsa. Hukuncin wannan a addini na malamai ne, sun kuwa yi magana a kai. Ni abin da ya shafe ni shi ne aikinsa a jikin ɗan wasa. A 1972 wasu masu bincike biyu a Amurka, Ariel da Saville, suka ba masu ɗaga ƙarfe ƙwayoyin da babu komai a cikinsu, suka ce musu maganin gina tsoka ne. Cikin ƴan makonni nauyin da suke ɗagawa ya ƙaru fiye da yadda yake ƙaruwa a da. Babu abin da ya shiga jininsu sai yarda. Wanda ya shiga fili da sakankancewa cewa ba ya faɗuwa, ƙafarsa ba ta rawa, numfashinsa ba ya sarƙewa. Wanda kuma ya ga abokin karawa ya fito da wani ƙullin da bai san kansa ba, gwiwarsa takan yi sanyi tun ba a kama ba. Kirari da kiɗan makaɗa irin su Sagalo suna yin wannan aiki ta wata ƙofar. Ina ganin kuskure ne a haɗa laya da ƙwaya a kwando ɗaya, kamar yadda wasu ƴan boko suke yi. Laya tana cin aljihu, wani lokaci ci mai tsanani, amma ba ta taɓa hanta ko ƙoda. Inda haɗari yake shi ne jiƙe-jiƙen da ake sha, waɗanda mai shan bai san abin da aka zuba ciki ba.

Goro da shayi ba sa bukatar dogon bayani. Kafeyin da ke cikinsu yana rage jin gajiya, yana kaifafa hankali, yana ma cikin abubuwa biyar ɗin nan da aka ambata. An taɓa ƙayyade shi a wasannin duniya, aka cire shi daga jerin haramtattu a 2004.

Babban juyi ya zo a 1975. Sojoji ƙarƙashin Seyni Kunce sun karɓi mulki a watan Afrilu na 1974, ƙasa tana fitowa daga fari da yunwar da suka halaka dabbobi da mutane. Sabuwar gwamnati ta farfaɗo da samariya, ta kuma ɗauko kokowa daga dandalin ƙauye ta mai da ita gasar ƙasa. An yi ta farko a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi, sunaye irin su Salma Ɗan Rani da Kadade suka shiga kowane gida ta rediyo. Hikimar siyasa a fili take: ƙasar da aka nuna wa duniya ƙasusuwan ƴaƴanta tana so ta nuna ƙattanta. Amma gasar ta zo da sharuɗɗa biyu da suka sauya bukatar jiki. Na ɗaya, babu rabon nauyi a neman takobi. Mai kilo 75 yana iya haɗuwa da wanda ya haura 100. Na biyu, wanda ya faɗi sau ɗaya ya fita daga sahun masu neman takobi, don haka dole mutum ya yi kwanaki a jere yana karawa, da targaɗe da tsamin jiki, ba tare da hutun da kokowar ƙauye take bayarwa tsakanin kasuwa da kasuwa ba. Tukuici kuma ya tashi daga goro da riga ya kai doki da sirdi da miliyoyin sefa. Duk inda aka haɗa bukatar nauyi da bukatar danne ciwo da kuɗi masu yawa, an buɗe ƙofar da sauran ƙasashe suka riga mu sanin abin da ke bayanta.

Su can sun daɗe a ciki. A gudun dogon zango na Olamfik ɗin 1904, an ɗura wa Thomas Hicks gubar sitirikinin da barasa a kan hanya, ya zo na ɗaya, da kyar ya rayu. A 1967 ɗan tseren keke na Ingila Tom Simpson ya faɗi ya mutu a kan dutsen Ventoux a gasar zagaya Faransa, aka samu amfetamin a jikinsa. A 1988 a Seyul aka ƙwace zinariyar Ben Johnson kwana kaɗan bayan ya yi gudun mita 100 cikin daƙiƙa 9.79. Abin kunyar tseren keke na 1998 shi ya haifar da hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a 1999, wadda masu Faransanci suke kira AMA.

Namu bala'in bai zo da tsada irin tasu ba. Ya zo a cikin tiren mai tallan magani, sunansa tiramol. Asalinsa maganin ciwo ne na asibiti, dangin ofiyom, wanda likita yake bayarwa miligiram 50 ko 100, ba ya kuma wuce 400 a yini. Wanda ya cika kasuwannin Afirka ta Yamma tun daga shekarun 2000, akasarinsa daga Indiya, ƙwaya ɗaya takan kai miligiram 200 ko 225, har Indiya ta tsaurara dokar fitar da shi a 2018. Ƴan kabu-kabu da masu tura amalanke da ƴan ƙwadago a gonakin tattasai sun san shi da sunan maganin gajiya. Gaskiyar magana ba ya ƙara wa tsoka ko giram ɗaya. Abin da yake yi shi ne toshe saƙon ciwo tsakanin jiki da ƙwaƙwalwa. Ciwo kuwa ɗan aike ne. Mai jijiyar da ta fara tsagewa, in ya kashe ɗan aiken ya koma fili, tsagewar za ta ƙarasa. Yawansa yana kawo farfaɗiya, yana danne numfashi, kuma jiki yana sabawa da shi har mutum ya kasa tashi da safe sai da shi. Hukumar tseren keke ta hana shi a 2019, a kansa aka soke sakamakon Nairo Quintana na ƙasar Kolombiya a gasar zagaya Faransa ta 2022, kuma tun ranar 1 ga Janairu 2024 yana cikin jerin abubuwan da AMA ta haramta a lokacin gasa.

Na biyunsa shi ne magungunan ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda galibi dekisametazon ne ko wani maganin buɗe ciki. An fi sanin su wajen ƴan mata, amma saurayin da yake ganin rashin nauyi ne ya hana shi shiga cikin goman jaha ba zai rasa jin kiransu ba. A nan yaudarar ta fi muni, domin dekisametazon yana tara ruwa da kitse a fuska da ciki, alhali yana cinye tsoka, yana raunana ƙashi, yana jawo ciwon sukari. Sikeli zai nuna ƙari, fili zai nuna ragi.

Ban ɗora wa wani gwani ko wata jaha laifi ba, kuma bai kamata a yi wa mai takobi zato ba tare da hujja ba. Hujjar kuwa tsada gare ta. Ɗakunan binciken da AMA ta amince da su wajen 30 ne a duniya duka, fitsarin da aka ɗiba a Difa sai ya yi tafiyar fiye da kilomita 1,300 kafin ya kai Yamai, sa'annan ya hau jirgi. Ko an yi wa ƴan kokowa 80 gwaji a kowace shekara, dubban samarin da ke kokowa a gasannin ƙauye da na gundumomi, inda ake zaɓen goman, babu mai duba su. A ganina wannan aiki ya fi kusa da malamin makaranta da shugaban ƙungiyar al'adu da tsofaffin ƴan kokowa bisa ga ɗakin bincike. Tsohon gwani da ya yi zamaninsa da fura da nono, in ya tsaya gaban ƴan aji ya faɗi abin da yake ci a lokacin da yake kaye, za a saurare shi fiye da takardar likita. Ya kamata ƙungiyoyinmu su ɗauki muryoyin waɗannan dattawa tun suna raye, da Hausa da Barbarci, a rubuta abin da suke ci da yadda gari yake tara musu hatsi da nono idan gasa ta gabato.

Sai dai kuma duk wannan magana tana tsaye ne a kan cewa akwai furar. Komadugu da kansa ya ragu tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Calawa a 1992 a can sama, a ƙasar Kano, tafkin Cadi kuma ya janye daga Gigimi a shekarun fari. Ranar 6 ga Fabrairu 2015 Boko Haram ta kai hari Boso da Difa, aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawan babur, aka hana kamun kifi da cinikin tattasai don a toshe wa ƴan bindiga hanyar kuɗi, aka kwashe mutanen tsibirai. Sai a 2017 aka sake buɗe cinikin tattasai, na kifi kuwa sai 2019. A tsakanin nan dubban iyalai da suka saba ci daga kogi da tafki suka koma zaman bukkoki a bakin babbar hanya da sansanin Sayam, suna jiran buhun agaji. Ambaliyar 2019 da ta 2022 ta zo ta ƙara cinye gonakin bakin kogi.

Likitocin yara sun tabbatar cewa kwana 1,000 na farko, daga ɗaukar ciki zuwa cikar shekara biyu, su ne suke yanke mafi yawan tsawon da mutum zai yi da ƙwarin ƙashinsa, kuma abin da tamowa ta rage a wannan lokaci da wuya ya dawo duka, ko da an ci nama daga baya. Binciken abinci na ƙasa ya sha nuna cewa fiye da yara 4 cikin 10 a Nijar sun tsumbure. Yaran da aka haifa a bukkokin bakin hanya a 2015 da 2016 suna makarantunmu yanzu, su ne muke gani a layi da safe. Daga cikinsu ne jahar Difa za ta zaɓi gomanta wajen shekara ta 2035.